Babi na Bakwai: Kalmomin 'Yanci a Harshen Ingilishi

Duk wanda ya taɓa zama da ƙamus a gabansa yana fama da mayar da wata takardar hukuma daga Ingilishi zuwa Hausa, la budda ya gamu da kalmomin nan biyu, liberty da freedom, ya kuma ga yadda ƙamus yake sallamarsa da amsa guda, watau 'yanci, kamar babu abin da ya raba su ko da ƙwayar zarra. Faransawa ba su san wannan wahala ba, domin liberté kaɗai gare su, haka nan Jamusawa da Freiheit tasu. Mutanen Ingila ne suka gaji biyu, kuma yaƙi ne ya gadar musu. A shekarar 1066 Wiliyam, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila a gwabzawar Hastings, inda aka kashe Sarki Harold, daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na majalisar shari'a wajen shekara ɗari uku, Latin ya ci gaba da zama harshen malamai da takardu, Ingilishi kuwa ya koma bakin manoma da makiyaya. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin ƙara da ba da jawabi a kotu da Ingilishi, amma kafin nan dubban kalmomin Faransanci sun riga sun sami wurin zama, liberty kuma tana cikin waɗanda suka shigo a ƙarshen ƙarni na goma sha huɗu, ta tarar da freedom 'yar gida tana zaune tun zamanin kakanni.

Idan muka bi ishtiƙaƙin kowacce, za mu ga abin da zai sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Kalmar free a tsohon Ingilishi freo ce, kuma ita da freond, wadda ta zama friend a yau, watau aboki, saiwarsu ɗaya, saiwar da ma'anarta ta asali ita ce ƙauna. Malaman lugga sun bi sawunta har ƙasar Hindu, inda priya a harshen Sanskrit take nufin abin ƙauna. Bayanin da suka yi shi ne, a gidan mutanen da, akwai waɗanda maigida yake ƙauna domin jininsa ne, akwai kuma waɗanda ya mallaka, sai sunan na farkon ya zama sunan duk wanda ba bawa ba. Ɗafin nan na ƙarshen freedom kuwa, dom, shi ne wanda yake cikin kingdom da wisdom, yana nuna hali ko matsayi. A wajen Rumawa kuma liber shi ne wanda ba a mallake shi ba, jam'insa liberi kuwa shi ne lafazin da suke kiran 'ya'yan gida da shi. To mu duba namu: Bahaushe yana cewa wane ɗa ne, ba bawa ba ne, kuma 'yanci daga 'ya'ya aka ciro shi, kamar yadda wasu Hausawan yamma suke cewa ɗiyauci daga ɗiya. Al'ummu uku ke nan da suka dubi mas'ala ɗaya suka ba da hukunci ɗaya, cewa mai 'yanci shi ne mai nasaba, wanda yake da dangin da za su tsaya masa idan an zalunce shi, su kuma tsawata masa idan ya karkace. Saboda haka samarin da suke fassara 'yanci da cewa kowa ya yi abin da ransa ya so, babu mai ce masa don me, ba su san Ingilishin ba, ba su kuma san Hausar ba.

Akwai kuma wani kuskure da yake yawo a bakin masu jawabi a bukukuwan makarantu, wai liberty da library asalinsu ɗaya, don haka Turawa tun fil azal sun gane littafi shi ne 'yanci. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta da tushe. Kalmomi biyu ne dabam a Latin waɗanda rubutu ya haɗa su: liber mai dogon wasali, ɗa, da liber mai gajeren wasali, ɓawon cikin itace da ake rubutu a kansa, wanda daga baya ya zama sunan littafi. Duk almajirin da ya san yadda madda guda take juya ma'anar kalma a Larabci ba zai yarda a ruɗe shi da wannan ba. Falalar ilimi tana da hujjoji na gaskiya masu yawa, ba ta bukatar a ƙaga mata na ƙarya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin wannan mas'ala duka, wanda kuma nake ganin shi ne mabuɗinta, shi ne cewa a farkon zamanta a Ingila liberty a jam'i aka fi saninta, watau liberties, abin da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a kan fata, a buga masa hatimin sarki, a miƙa wa wani mutum ko wani gari ko wani coci takamaimai. A watan Yuni na 1215 manyan hakiman Ingila suka tilasta wa Sarki Jon, a wani fili da ake kira Runnymede a bakin kogin Tems, ya amince da takardar da aka sani da Magna Carta, wadda aka rubuta da Latin, kuma lafazin da yake ta maimaituwa a cikinta shi ne libertates, jam'i. Akwai na coci, akwai na birnin Landan da aka ce ya ci gaba da riƙe nasa na gargajiya, akwai na hakimai game da gado da auren zawarawansu da kuɗin da sarki zai iya karɓa a hannunsu. Ana yawan cewa wannan takarda ita ce ta 'yanta mutanen Ingila, har ana koya wa yara haka, alhali ko kusa ba haka ba ne. Sashen da ya fi shahara a cikinta, wanda ya hana a kama mutum ko a ɗaure shi sai da hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa, ya ƙayyade maganarsa ga mutumin da yake ɗa, a zamanin da talakawan karkara masu ɗimbin yawa suke ɗaure da gonakin iyayengijinsu, ba su da ikon tashi su bar ƙauye ba da izini ba. Bayan haka kuma takardar ba ta cika wata uku ba Paparoma Innocent na Uku ya soke ta a watan Agusta, ƙasa ta faɗa yaƙi, sai bayan mutuwar Jon aka sake fito da ita da gyare-gyare a 1216 da 1217 da 1225. Darajarta ta zo ne daga baya, sa'ad da lauyoyin ƙarni na goma sha bakwai suka tono ta suka yi wa sarakunansu hujja da ita, suka faɗaɗa ma'anar ɗa har ta game kowa.

Wanda ya san tarihin Borno zai fi kowa saurin fahimtar wannan, domin sarakunan Borno sun kasance suna rubuta wa wasu gidajen malamai takardar da ake kira mahram, wadda take keɓe su da zuriyarsu daga haraji da aikin yaƙi, ta kuma haramta wa barorin sarki taɓa dukiyarsu. Kalmarmu ta hurumi ma daga wannan tushe take. To liberty ta Ingila ta wancan zamani hurumi ce. Har ma ta kai ga sunan ya tashi daga kan takardar ya koma kan ƙasar kanta, ya zama ana kiran duk unguwar da hukuncin hakimin lardi ko na magajin gari ba ya shiga cikinta da suna liberty, kamar yadda za a ce gunduma ko yanki.

Mafi ban mamaki a cikinsu ita ce wadda take kudu da kogin Tems, daura da tsohon birnin Landan, a yankin Southwark, wadda ake kira Liberty of the Clink. Ƙasar babban limamin cocin Winchester ce, wanda aka gina masa fada a wurin tun ƙarni na goma sha biyu, kuma har yau wanda ya bi ta lungun da ake kira titin Clink zai ga ragowar bangon zauren wannan fada a tsaye, da wata babbar taga zagayayya ta sassaƙaƙƙen dutse a can sama, babu rufi, babu gilashi, gine-ginen zamani sun matse ta hagu da dama. Da yake ikon magajin garin Landan ba ya kaiwa wannan unguwa, duk abin da dattawan birni suka ƙi jininsa sai ya ƙetaro nan: filayen da ake haɗa karnuka faɗa da dabbar nan beyar ana caca a kai, da mashaya, da gidajen mata masu zaman kansu, da kuma gidajen wasan kwaikwayo, waɗanda hukumar birni take ɗauka matattarar zauna-gari-banza da hanyar yaɗa annoba. A nan aka gina gidan wasa na Rose a 1587, da na Globe a 1599, inda aka nuna da yawa daga wasannin Shakespeare, jama'a suna biyan 'yan kwale-kwale su ƙetaro da su da rana tsaka. A cikin wannan unguwa kuma limamin yana da kurkukunsa na kansa, mai suna Clink, inda aka tsare masu bashi da masu tada zaune tsaye da waɗanda suka saɓa wa aƙidar hukuma ta lokacin, Katolika a wani zamani, Furotesta a wani, har masu tarzoma suka ƙone shi a 1780, sunansa kuwa ya wanzu a bakin Turawan Ingila, waɗanda har gobe idan an ɗaure mutum sukan ce yana clink. Mai karatu na yau zai ga kamar tufka da warwara ce a sami kurkuku a cikin unguwar da sunanta 'Yanci, amma mutanen wancan zamani ba su ga wani tanaƙuli ba, domin sun san sarai wannan liberty ta limamin ce, ita ce ikon da sarki ya bar masa ya yi hukunci a ƙasarsa ba tare da wani ya sa masa baki ba, kuma kurkukun ma yana daga cikin abin da ikon ya ƙunsa. A birnin Dublin na ƙasar Ayalan akwai tsohuwar unguwa da har yanzu sunanta The Liberties, bisa wannan dalili.

Wannan ɗanɗano na izini da iyaka bai rabu da kalmar ba har yau. Sojan ruwan da aka ba shi awoyi kaɗan ya sauka daga jirgi ya shiga gari, abin da aka ba shi liberty ne, kuma ya san sa'ar da zai komo. Ma'aikacin da ya ce ba ya at liberty ya faɗi wata magana, nufinsa ba a ba shi izini ba. Idan kuwa aka ce mutum ya ɗauki liberties da wani, to ya yi masa shisshigi ke nan, ya wuce gona da iri, ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Daga wannan tushe aka sami libertine, wadda a wurin Rumawa sunan 'yantaccen bawa ne, amma a Ingilishi ta gangara har ta zama sunan fasiƙin da ya yar da kunya. Kusa da ita akwai licence, asalinta izini, ita ce muka ara muka ce lasisi, amma malamansu irin su Milton da Locke sun yi amfani da ita da ma'anar sakin linzami, suka kuma dage a kan cewa ita da liberty ba abu ɗaya ba ne. Freedom kuwa ta fi faɗi, ta fi kusa da jiki da zuciya: ita ake kawowa idan ana zancen rabuwa da ciwo, ko tsoro, ko yunwa, ko bashi, har ma da sakewar gaɓa ko ta ƙarfen inji wajen motsi, wuraren da idan aka sa liberty kunnen Bature zai ji nauyi nan take. Sifarta free ta bazu har ta kai ga abin da ake bayarwa kyauta da kujerar da babu kowa a kanta, alhali sifar liberty, watau liberal, ta yi nata wuri, ta fara da ma'anar karimci ta ƙare a sunan jam'iyyar siyasa.

Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya mayar da shi ƙa'ida irin ta nahawu, kamar yadda wasu marubutan Amurka suke yi, wannan ya ce liberty daga Allah take freedom kuwa daga hukuma, wancan ya ce a'a, akasin haka ne, kowa yana rantsuwa. Harshe ba ya bin irin wannan umarni. Birnin Landan tun ƙarni na goma sha uku yake ba mutane abin da ake kira Freedom of the City, wanda shi ma gata ne rubutacce, na yin sana'a da ciniki a cikin birni ba tare da biyan kuɗin shiga da baƙi suke biya ba, daga nan ne ma aka sami labarin nan da ake yawan yi cewa mai wannan takarda yana da ikon kora tumaki ta kan gadar Landan. A yau girmamawa ce, kuma an yi wa Nelson Mandela ita a 1996. Manyan masu falsafa ma ba su damu da rabewar ba. John Stuart Mill ya sa wa littafinsa na 1859 suna da liberty, ya kuma yi ta cakuɗa su a ciki, Isaiah Berlin kuwa, a laccarsa ta Oxford ta 1958, ya faɗa tun farko cewa ma'ana ɗaya yake nufi da su, sa'an nan ya raba 'yancin shi kansa gida biyu, na kada a tare maka hanya da na ka zama mai mulkin kanka, mas'alar da aka cika littattafai da ita, ba kuwa nan ne muhallinta ba.

Inda bambancin ya fito fili ba tare da wani ya tsara shi ba shi ne tarihin Amurka. Waɗanda suka yi shelar ɓallewa daga Ingila a 1776 lauyoyi ne da masu manyan gonaki, masu karatun Latin, kuma liberty suka rubuta a cikin haƙƙoƙin da suka ce Mahalicci ya ba kowane mutum, alhali Thomas Jefferson da ya tsara shelar ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Bayin nan da jikokinsu kuwa freedom ce a bakinsu, ita ce a waƙoƙinsu, ita ce sunan da aka sa wa matasan da suka hau motocin haya suka ratsa jihohin kudu a 1961 don karya dokokin wariya. Rumawa suna da al'adar sanya wa bawan da aka 'yanta wata 'yar hula ta gashi marar baki, har Brutus ya buga siffarta a tsakanin wuƙaƙe biyu a jikin kuɗinsa bayan kisan Kaisar, don ya nuna ya 'yanta Rum. Da aka zo yin gunkin macen da yake bisa ƙubbar majalisar dokokin Amurka, mai sassaƙar, Thomas Crawford, ya zana ta da wannan hula, sai Jefferson Davis, sakataren yaƙi na lokacin, mai bayi, wanda daga baya ya shugabanci jihohin kudu da suka ɓalle daga Amurka, ya ƙi, bisa hujjar cewa alamar 'yantaccen bawa ba ta dace da mutanen da aka haife su 'ya'ya ba, aka sauya ta da kwalkwali. Wani bawa mai suna Philip Reid yana cikin waɗanda suka yi aikin zubin tagullar gunkin, aka kuwa ɗora gunkin a 1863, shekarar da Lincoln ya yi shelar 'yanta bayin jihohin tawaye, kuma sunan gunkin Freedom.

Sauran kalmomin ba su da wuya. Manumission ita ce ubangida ya saki bawansa guda da hannunsa, abin da fuƙaha'u suke kira itƙi, suka kuma yi masa babi tare da kitaba da tadbiri. Asalin lafazin ma saki daga hannu ne. Emancipation a shari'ar Rum ita ce uba ya fitar da ɗansa daga ƙarƙashin ikonsa, daga baya ta zama 'yantar da jama'a gaba ɗaya ta hanyar doka, kamar ta Birtaniya ta 1833 da ta fara aiki ran 1 ga Agusta 1834. Liberation tana ɗauke da ƙamshin yaƙi da korar mamaya, independence kuwa ta ƙasa ce, ita muka kira mulkin kai, kuma ƙasa tana iya samun ta alhali mutanenta suna cikin ƙangi. Franchise daga sunan ƙabilar Frank take, waɗanda suka ci ƙasar Faransa suka zama su ne 'ya'ya a cikinta. Ta zama sunan haƙƙin jefa ƙuri'a, yanzu kuma har da izinin yin ciniki da sunan wani kamfani. A gaɓar tekun Afirka tushen nan biyu, na freedom da na liberty, suna zaune a taswira, Freetown da aka kafa a 1792, da Laberiya da ta yi shelar mulkin kai a 1847, da Libreville ta Gabon a 1849, dukkansu matsugunan 'yantattun bayi ne.

Mai karatu da yake son ya ga kalmomin biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ya buɗe babi na huɗu na tsarin mulkin Nijeriya na 1999. Sashe na 38 da na 39 da na 41 da na 42, masu magana a kan addini da tunani, da faɗin albarkacin baki, da zirga-zirga, da kuɓuta daga wariya, duka freedom aka rubuta. Sashe na 35 kuwa personal liberty aka ce, kuma abin da yake ciki shi ne tsohuwar maganar Runnymede, watau kamu da tsarewa, da sharuɗɗan da aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya waɗanda sai da su hukuma take da ikon taɓa jikin mutum. A can aka ce wanda aka kama sai an sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Ina roƙon duk mai fassara wannan sashe ga jama'a, a rediyo ko a makaranta ko a zaure, kada ya tsaya ga cewa 'yanci ya wuce. Ya faɗa musu awoyin, da kwanakin, da tazarar.